Babi na Shida: Kaskon da Ya Kwana Damina

A wani ƙauyen Hausawa da ke bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar ta Sudan, gidan gwaggona yake, kuma a gidan akwai kasko ɗaya da ba a ba da aronsa. Tabarma a ara, turmi a ara, har babbar tukunyar biki takan zaga unguwa duk ranar suna, amma shi wannan kasko ba ya ƙetare zaure. Baƙi ne wuluk, mai kunnuwa biyu, nauyinsa kuwa sai yarinya ta sa hannu biyu ta cije leɓe kafin ta sauke shi daga murhu. A cikinsa ake tuyar ƙosai da safe, zalabiya da la'asar, in masunta sun dawo da rabo a soya kifi. Wurin mahaifiyarta gwaggo ta gaje shi.

Da yaƙi ya iso jihar Sinnar a tsakiyar 2024, Sinja ta faɗi a ƙarshen watan Yuni, mutanen gidan suka kama hanyar Gadarif da abin da kai zai iya ɗauka. Mai gudun ceton rai ba ya ɗaukar kasko. Aka bar shi a madafa, rufin ya yi yoyo, ruwa ya kwanta a cikinsa Yuli da Agusta da Satumba. Bayan sojoji sun ƙwace Sinja a watan Nuwamba, jama'a suka fara komowa ɗaya-ɗaya. Gwaggo ta tarar da kaskonta jawur, kamar an barbaɗa masa garin barkono, gefe ɗaya har ya yi ɓawo.

Jikanta ya juya shi da ƙafa ya ce, "Kaka, wannan kam ya mutu. A kai wa 'yan gwangwan."

Ta ce, "Ɗauke ƙafarka, ɗan nan. Ƙarfe ba ya mutuwa a damina ɗaya. Je ka samo mini guntun jan bulo."

Ita ce da gaskiya. Amma kafin mu bi ta bakin rijiya, ya kamata a san wane irin ƙarfe ake magana a kai, don a madafar Bahaushiya ta Sudan ƙarfe uku ne ke amsa suna ɗaya.

Hausawa sun daɗe suna bin hanyar gabas zuwa hajji a ƙasa. A yada zango, a yi noma don a tara guzuri, sai zangon ya zama gari. Babban ayari ya taso ne a 1903, lokacin da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har bakin wannan kogi, garin da suka kafa kuma yana amsa sunansa har yau. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe noman auduga na Jazira, wasu dubban suka biyo baya suna cirar auduga, suna zama a ƙauyukan ma'aikata da ake kira kanabi. Waɗannan matafiya ƙwarya suka sani da tukunyar ƙasa, wadda in ta fashe a wannan zango sai a gina wata a na gaba. Tanda ma ta ƙasa ce, kasko ma asalinsa na ƙasa ne.

Na farko shi ne ƙarfen zubi, kuma baƙo ne, kayan jirgi. Maƙeran baƙi na ƙasar Hausa sun iya fitar da ƙarfe daga tama tun kaka da kakanni, haka ma mutanen da suka bar tulin kashin maƙera a Bajrawiyya, arewa da Shandi. Sai dai abin da wutarsu ke bayarwa curi ne da ake duka a kan uwar maƙera, ba ruwan ƙarfe da ake zubawa ba. Ƙarfen zubi sai zafi ya kai wajen digiri 1,200 yake narkewa. Mutanen Sin sun iya wannan aiki tun ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa. A Ingila kuwa, a 1707 wani mai suna Abraham Darby ya yi rajistar dabarar zuba tukunya a cikin zubin yashi, tukunyar ta fito da sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi. Daga baya masana'antun garin Falkirk na Sikotlan suka cika Afirka da tukwane masu ƙafa uku. Abin da ya bambanta wannan ƙarfe shi ne sinadarin gawayi da ke jikinsa, kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. Shi ya sa ba ya lanƙwasa. In ya faɗi a kan dutse tsagewa yake yi kamar tulu.

Na biyu shi ne fallen ƙarfe, irin wanda ake yanka saji da shi, wato farantin gasa kisra, siririyar gurasar dawa. Shi ma yana tsatsa, kuma duk abin da za a faɗa a nan ya shafe shi. Na uku alminiyam, wanda masu zubi a Kano da Maradi da kasuwannin Sudan ke narkawa daga tarkacen mota da gwangwanaye, tun da shi a digiri 660 ya zama ruwa, gawayi da zugazugi sun isa. Mata kan ce masa tukunyar ƙarfe, alhali ba ya jan tsatsa ko ya shekara a rijiya. Wanda ya rikice a kasuwa ya nemi maganaɗisun tsohuwar lasifika. In ya manne, ƙarfe ne. In ya zame ya faɗi, alminiyam ne, ko da kuwa hayaƙi ya mai da shi baƙi.

Tsatsa aure ne tsakanin ƙarfe da iskar da muke shaƙa. Ruwa ne ke ɗaura auren, gishiri kuma shi ne maroƙin da ke zuga a yi sauri. In babu laima, angon da amarya sai su shekara suna kallon juna. Shi ya sa a Jazira, inda ake yin wata bakwai ko takwas iska a bushe ƙamas, mace kan manta da maganar tsatsa gaba ɗaya, sai kharif, wato damina, ya shigo, kogi ya ciko da jan ruwan tsaunukan Habasha, ƙasa ta jiƙe, bango ya yi gumi, sannan ta ga ɗigon ja a bayan tanda. Alminiyam ma yana irin wannan aure, amma ɗan da ake haifa fata ce siririya mai kama jiki, tana rufe ƙofa a bayanta. Tsatsar ƙarfe kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta kumbura, ta yi ɓawo, ta tsattsage, ta riƙa shan ruwa kamar soso tana miƙa wa na ƙasa. Ga dalilin da ya sa take ba ido tsoro fiye da ɓarnar da ta yi. Kaurin kasko yakan kai milimita uku zuwa biyar, abin da damina ɗaya ke ci a mafi yawan jikinsa bai kai kaurin farce ba.

Abin da gwaggo ta fara yi shi ne ta rataye kaskon a yatsa biyu ta ƙwanƙwasa shi da muciya. Ya yi ƙara doguwa kamar ƙararrawar makaranta. Da ya tsage, sai a ji "kaf", muryar ta mutu nan take, kuma tsagaggen kasko bai cancanci wahala ba, don mai zai bi tsagar ya sauka cikin wuta.

Sai guga. A ƙasar Hausa yashi da dutse suna ƙofar gida, amma Jazira baƙar laka ce mai tsagewa da rani, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga tsakuwa ba. Don haka ake ɗauko yashi daga gaɓar kogi bayan ruwa ya janye, ko a nemi guntun bulo daga masu gasa shi a bakin kogi. Jan bulo ya dace da aikin nan ƙwarai: ya fi tsatsa tauri, kuma yana cinyewa ya ɗauki siffar cikin kasko. Ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta kafa kaskon tsakanin ƙafafu, ta fara a bushe har ɓawon ya zube, sannan ta yayyafa ruwa ta ci gaba. Ruwan da ke gangarowa ya fara da ja, ya koma ruwan ƙasa, ya koma toka-toka. Sai ta sauya zuwa soson waya don kunnuwa da leɓen kasko. Tsatsar da ba ta yi nisa ba a nan take ƙarewa, ba a bukatar komai bayan ƙarfin hannu.

Wadda ta shige ramuka ita ce ke neman tsami. Mafi sauri shi ne khal na kanti, a haɗa shi da ruwa rabi da rabi, a nutsar da wurin, a riƙa dubawa duk rabin awa, a ciro a goga, in da saura a mayar. Wanda ba shi da khal yana da tsamiya, wadda maƙwabta Larabawa ke kira aradeb, yana da lemun tsami, yana da ruwan da ya kwanta a kan gasara ko ƙullun kisra. Waɗannan sun fi jinkiri, kuma a ganina jinkirin alheri ne ga mai mantuwa. Tsami bai san bambancin tsatsa da ƙarfe ba. In ya gama da ita sai ya wuce kan uban gidanta. Na taɓa jiƙa wani ƙaramin kasko a khal ranar Alhamis, baƙi suka zo, ban tuna da shi ba sai Asabar. Na ciro shi fes babu ɗigon ja, sai dai fuskarsa ta yi laushi, in ka shafa yatsa ya fito baƙi kamar ka taɓa bakin fensir. Tsamin ya cinye ƙarfen sama ya bar gawayin. Na goge har na kai ga ƙarfe mai lafiya, amma ramukan da suka rage suna nan, kuma ƙwai bai sake fita daga kaskon nan da mutuncinsa ba.

Bayan tsami a ɗauraye da ruwan toka ko ɗan jiƙon kanwa, wato atrun, don ya kashe sauran tsamin da ya maƙale a ramuka, a bi da ruwa mai kyau. Daga nan ba zama. Ƙarfen da aka tuɓe tsirara yakan fara yin rawaya kafin a gama shan kofin shayi. A goge da tsumma, a ɗora a kan garwashi har ya bushe ƙarau, ya yi zafin da hannu ba zai daɗe a kai ba.

Akwai masu jefa kasko cikin wuta ya ƙone tsohon dauɗa da kitse. Yana aiki, amma da shi ake rasa kasko da yawa. Wanda zai yi ya bar shi ya ɗau zafi a hankali, kada ya yi ja, ya kuma kwana cikin toka ya huce da kansa. Wanda ya watsa masa ruwan sanyi don gaggawa zai ji ƙarar da ba zai manta ba.

To, yanzu ga kasko fari-fari kamar toka, tsaf, kuma a wannan hali ya fi kowane lokaci rauni. Baƙin nan da gwaggo ta gada, wanda ya sa ƙosai ke yawo a ciki ba ya kamawa, ba launin ƙarfen ba ne. Riga ce ta mai, wadda wuta ta gasa shekara da shekaru. Kowa ya san danƙon da ke taruwa a wuyan kwalbar man gyaɗa in ta daɗe, wanda sabulu ma sai ya yi da gaske. Iska ce ta sa ƙwayoyin man suka kama hannun juna suka zama abu ɗaya. Wuta tana yin wannan aiki cikin minti kaɗan, ta kuma kai shi ƙarshe: danƙon ya bushe, ya yi tauri kamar fenti, ya cike ƙananan ramukan ƙarfe, ya shiga tsakaninsa da ruwa. Wannan riga ita ce ke hana tsatsa dawowa, kuma ita ce damina ta cinye a gidan gwaggo kafin ta kai ga ƙarfen.

Kuskuren da kusan kowa ke yi wajen ɗinka sabuwa shi ne karamci. A zuba mai cokali uku, a ɗora a wuta, a sami kasko mai danƙo kamar an zuba masa ƙaro, ƙura na mannewa, daga baya ya riƙa ɓamɓarowa cikin abinci. Rowa ake so. A ɗiga mai a tsumma, a shafe ciki da baya da kunnuwa da gindi, sannan a ɗauki busasshen tsumma a goge kamar mai ƙoƙarin ɓoye laifi kafin uwar gida ta shigo. Abin da ya rage bayan wannan gugar shi ne daidai. A ɗora a kan garwashi mai ƙarfi, sama da digiri 200 ake nema, har ya fara hayaƙi, a riƙa juya shi don gefuna su samu, a bar shi sai hayaƙin ya ɗauke da kansa. A sauke ya sha iska, a sake. Zagaye na farko zai ba da launin zuma, na uku ruwan goro, wajen na biyar ya fara duhu. Baƙi wuluk kuwa sai girki ya kawo shi.

Wajen zaɓen mai, mutanen wannan yanki ba su da abin kuka. Ga man riɗi na Gadarif, ga na gyaɗa, ga na angurya da audugar Jazira ke bayarwa, dukkansu suna kamawa da kyau. Kitse da man shanu ma suna yi, sai dai sun fi jinkirin bushewa, in kuma aka ajiye kasko da su a jiki ya daɗe, sai ya yi ɗoyi.

Wanda yake son ganin gwanar wannan aiki ya tsaya kusa da mai yin kisra. Sajinta na kan wuta, a gefe ga ɗan kwano da tayuƙ, wato ɓargo ko ƙwaƙwalwar dabba da aka soya, ga dunƙulen tsumman da ake kira mi'iraka. Ta shafa sau ɗaya, shafar da ido ba ya gani. Ta zuba ƙullun dawa, ta ja shi da gargariba, ɗan yankin kaba mai kamar katin waya, kafin ka ƙirga talatin ta ɗaga falle kamar takarda. Ta sake shafawa. A zama ɗaya takan yi haka sau hamsin ko fiye, gobe ma haka. Ƙullun nan mai tsami ne, amma bai daɗe a kai ba balle ya yi ɓarna. Ba ta taɓa ware rana ta ce yau za ta yi wa saji riga ba, kuma ba za ka ga tsatsa a tsakiyarsa ba, sai dai a gefen da tsumma ba ya kaiwa. Mai masa da tandarta ta ƙarfe haka take yi, rami-rami. Kaskon da ke tsatsa a gidajenmu kusan kullum shi ne na ajiya, wanda aka saya don biki aka tura ƙarƙashin gado.

Sauran tsarin kiyayewa kaɗan ne. Sabulu ɗan kaɗan ba ya cire rigar da ta gasu, jiƙo ne ke cire ta: a gama tuwon dare a cika tukunya da ruwa a ce sai da safe. Haka barin miyar tumatir ko ta yakuwa ta kwana a ciki, ko romon busasshen kifi mai gishiri. A juye, a wanke, a mayar kan sauran garwashin da ake shirin kashewa, a shafa ɗigon mai tun da ɗumi. Da kharif kada a ajiye shi a ƙasa, a rataye a ƙusa. Kada a kife masa murfi ruf, kada kuma a ɗaure shi a leda da sunan adana, don laimar da aka kulle a ciki ba ta da hanyar fita.

Akwai wata dabara da ta dace da tukunyar da ake dafa ruwa a ciki, inda mai ba ya zama. Mutanen Japan, masu butocin shayi na ƙarfen zubi, in cikin buta ya yi ja sukan tafasa ganyen shayi a ciki, jan ya koma baƙi ya daina ci. Sinadarin da ke sa shayi ɗaure baki shi ne ke kama tsatsar. Majemanmu sun san wannan haɗi ta wata ƙofa. Bagaruwar da suke jima da ita, wadda a nan ake kiran 'ya'yanta garad, itacenta kuma sunut, ga dazukansa nan a gaɓar Shuɗin Nilu, in fatar da ta sha ta haɗu da ruwan ƙarfe sai ta koma baƙa. A tukunyar abinci dai shayi ya isa, kuma a ƙasar da kowace kusurwa akwai mai sayar da shayi, ganyen da aka gama da shi kyauta ne.

Wasu kan ji tsoron cin abinci a tukunyar da ta taɓa tsatsa. Ɗan abin da ya rage bayan wanki ba guba ba ne. Tsinkau-tsinkau da ake jingina wa tsohuwar ƙusa ƙwayar cuta ce da ke zaune a ƙasa da kashin dabbobi, ta rauni take shiga. Ƙarfen da tukunya ke saki cikin miya ma amfani yake yi: a wani bincike da aka yi a Mekele ta Habasha, aka buga a mujallar Lancet a 1999, yaran da ake dafa wa abinci a tukunyar ƙarfe sun fi na tukunyar alminiyam samun ƙaruwar jini. Abin tsoro yana wani wuri. Tsohon kaskon da aka saya a kasuwar gwanjo, a tambayi tarihinsa, don masunta na narka dalmar taru a irinsa, kuma dalma ba ta fita da guga. Sajin da aka yanko daga gangar da ba a san abin da ta ɗauka ba, a ƙasar da ake fesa wa auduga maganin ƙwari, a bar shi inda yake. Ruwan batir da baƙin man inji, waɗanda wasu makanikai ke ba da shawara, na kayan gareji ne. Tukwanen alminiyam na tarkace ma ba su tsira ba, wani bincike a Kamaru a 2014 ya sami dalma na fita daga irinsu.

Kwana uku gwaggo ta yi a kan kaskonta. Rana ɗaya guga da tsamiya, rana biyu mai da hayaƙi, jikan nan da ya ce a sayar shi ne mai fifita wuta. A gefen da ruwa ya fi kwanciya an bar ramuka kamar zanen ƙyanda, ba abin da zai cike su sai shekaru. Ta fara soya ɓawon albasa ta zubar, tuyar ƙosai ta farko ta kama a gindi, aka ba kaji. Ta biyu ta fito. Ana haka wata yarinya ta yi sallama, ta durƙusa ta ce, "Inna ta ce a gaishe ki, wai in kin gama ta ari kaskon." Gwaggo ta ce, "Ina amsawa, ki ce mata yaya gajiyar hanya." Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da na alminiyam ta ɗora mata a ka.